Me Ɗan Agiye Zai Kai Kasuwar Rubutu ta Intanet?

Kwanakin nan da wuya ka samu zauren WhatsApp na samari a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji da ba a jefa tallan nan ba: zauna a gida, yi rubutu da salularka, a biya ka da dalar Amurka. Wani lokaci har da hoton saurayi gaban kwamfuta, a ƙasa kuma ga lambar da za ka tura wa jikka goma a koya maka sirrin abin cikin kwana uku. Yaran da suka bi ta ajina, masu bak da suka rasa abin yi da waɗanda suka gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suka dawo gida da takarda a leda, tambayarsu ɗaya ce in mun haɗu: Mushe, da gaske ne? Abin da nake ce musu shi zan faɗa a nan. Ana samun kuɗi da rubutu a intanet, wannan ba ƙarya ba ne. Amma irin rubutun da masu tallan ke tura yaranmu su yi, kasuwarsa ta fara watsewa tun kafin mu iso. Hajar da ke hannunmu wadda za ta yi ciniki kuwa, wato Hausarmu da sanin ƙasarmu, ita muka fi rainawa.

Bari in fara da yadda kasuwar take, don yawancin masu zumuɗin shiga ba su taɓa leƙa cikinta ba. Manyan dandalin su ne Upwork da Fiverr da Freelancer. Masu Faransanci suna da ComeUp, wanda har zuwa 2022 sunansa 5euros, masu fassara kuma suna da ProZ. A Upwork mai aiki ne yake kafa tallansa, ya ce yana son a rubuta masa kaza a kan kuɗi kaza, masu nema kuma su yi ta aika takardar neman aiki. Aikawar ma ba a banza take ba. Akwai wasu tikiti da ake kira Connects, ban da ƴan kaɗan da ake ba ka kyauta kowane ɗaya santi 15 ne na dalar Amurka, kuma aiki guda yakan ci da yawa, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. A Fiverr kai ne kake baza kayanka, ka ce ina rubuta kaza a kan kaza, ka zauna jiran mai saye. In ciniki ya faɗa kamfanin zai cire la'adarsa, kashi 20 cikin 100, ragowar kuma sai ta kwana 14 a hannunsa kafin sabon shiga ya iya taɓawa. Mu yi lissafi da yuro, tunda canjinta da sefa ba ya motsi, yuro ɗaya sefa 655.957. Aikin yuro 20 ya kama sefa 13,119. A cire la'ada, saura 10,495. Daga nan za a zare kuɗin turowa da na cirewa, da kiredin da ka ƙona, da cajin waya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata, don haka wanda ke samun irin wannan aiki biyar ko shida kowane wata ya zarce shi. Wannan lissafin ne yake ɗaukar hankalin yara, kuma lissafin daidai ne. Abin da ba a gaya musu shi ne mutum nawa ke layi a kan aikin yuro 20 ɗin.

Na taɓa zama kusa da wani tsohon ɗalibina a rumfar cajin waya a Cadawa, bakin kwalta, inji na ta ƙugi a baya, wayoyi jere a kan katako kowace da ƴar takardar lamba manne a bayanta. Tasa wayar tana jone, shi kuma ya durƙusa yana latsawa don igiyar gajeriya ce. Wani mai shago a Turai ne ke neman wanda zai rubuta masa bayanin katifu da matasan kai da Ingilishi. Yaron ya tsara takardarsa da Faransanci, ya zuba ta a Google Translate, ya kwafo Ingilishin, ya danna. Rezo ya tsaya. Ya ɗaga wayar sama iyakar tsawon igiya, ya sake dannawa. Da ta wuce, allon ya nuna masa cewa sama da mutum hamsin sun riga shi. Cikinsu akwai ƴan Indiya da Pakistan da Filifin da Kenya da Legas, waɗanda da Ingilishi suka yi karatu tun daga aji ɗaya, kowanne da taurarin yabo na ɗaruruwan ayyukan da ya gama. Shi ba shi da ko ɗaya. Ba a ba mara tauraro aiki, kuma ba a samun tauraro sai an yi aiki. Katifar da ake so ya yaba ma bai taɓa ganin irinta ba. Yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, na san shi, amma a wannan layin babu abin da ya fi kowa da shi.

Ana cikin haka sai ga ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2022. Rubutun cika shafi, bayanin kayan shago, ƴan maƙalolin jawo masu saye, su ne abin da na'urar ta fi ƙwarewa a kai, cikin ƙiftawar ido kuma kusan kyauta. Masu bincike uku, Ozge Demirci da Jonas Hannane da Xinrong Zhu, sun bi tallan ayyuka sama da miliyan 1 a ɗaya daga cikin manyan dandalin nan, suka gano cewa cikin wata takwas da fitowar ChatGPT tallan aikin rubutu ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. In kasuwa ta tsuke haka, na gaba mai taurari zai sauke farashi ya ci gaba da ci. Na ƙarshen layi, sabon shiga mai aron Turanci, shi zai tashi a tutar babu. Mai sayar da horon kwana uku ya san wannan sarai. Da kasuwar na ci kamar yadda yake faɗa, da rubutu yake yi, ba farautar jikka gomanka ba.

A ce ma Allah ya dafa maka, ka samu aikin, ka yi, mai shi ya yaba. To ta ina kuɗin za su shigo Gazawa? Mu a nan Nita muka sani da Amana da Al Izza da Airtel Money, kuma suna biya mana bukata: ɗanka na Agadas ya tura da hantsi, kafin azahar ka karɓa. Manyan dandalin nan ba da su suke biya ba. PayPal ya daɗe yana barin ɗan Nijar ya biya amma ba ya barinsa ya karɓa. Sauran hanyoyin, Payoneer ko turowa daga banki zuwa banki, suna neman asusu da sunanka, da katin ɗan ƙasa ko fasfo wanda sunan da ke kansa ya dace harafi da harafi da wanda ka rubuta. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a ƙasar nan ya san yadda sunan yaro ɗaya ke fitowa iri uku, na takardar haihuwa daban, na makaranta daban, na katin ɗan ƙasa daban, ga kuma masu ranar haihuwar da aka rubuta wajajen shekara kaza. A wurinmu wannan ba komai ba ne, magajin gari ya san ubanka. A wurin na'urar tantancewa kuwa ya isa a riƙe maka kuɗi. Kuma ba mu manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba, lokacin da takunkumin CEDEAO da UEMOA ya sa mai kuɗi a banki ma sai ya yi layi a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade.

Wuta ma haka. Babban layin lantarkin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa, a nan Gazawa yake rabuwa, amma ƙauyuka nawa ne wayar ke wucewa ta samansu ba su da ƙwan fitila ko ɗaya? A ƙasar gaba ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu 2024. Mai aiki da ke Paris ko Toronto ba ruwansa da wannan. Ya ce Talata, ka kawo Laraba, ya ba ka tauraro biyu cikin biyar, tabon kuma ya zauna a sunanka. Farantan hasken rana sun sauƙaƙa, intanet ɗin Starlink ma ya fara aiki a Nijar a watan Maris 2025, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin saurayi ɗaya da ke neman aikinsa na fari.

Wannan ƙunci ne yake tura wasu ɓarauniyar hanya. Ka yi hayar asusun wani da ke Turai ko Amurka, ka ɓoye inda kake da VPN, ka yi aikin, shi ya karɓi kuɗin ya yaga maka abin da ya ga dama. Sunan nasa ne, taurarin nasa ne, ranar da aka gano a rufe asusun da guminka a ciki, ba ka da bakin ƙara don tun farko da ƙarya ka shiga. Masu bin ƙa'ida ma ba su tsira ba. A watan Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Kenya da Najeriya da Pakistan, mutane suka wayi gari babu aikin da suka dogara da shi. Babu sufeton ƙwadago da za ka kai wa kuka, babu ƙungiyar ma'aikata, babu sallama. Wanda zai bar gonarsa ko karatunsa ko ɗinkinsa saboda wannan, ya sake tunani.

To sai mu naɗe hannu? A'a. Mu sauya abin da muke kaiwa.

A waɗannan dandali ɗin dai, in ka bar layin masu rubuta bayanin katifa ka nemi masu Hausa, za ka ga layin ya gajarce ƙwarai. In ka ƙara tacewa ka nemi mai Hausa da Faransanci, sai ya ƙara gajarcewa, don ƴan'uwanmu na Kano da Zariya da Sakkwato da suka riga mu shiga, Hausa da Ingilishi suke haɗawa. Masu bukata kuwa suna nan. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun ƴan bindiga suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji, daga baya aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Duk ƙungiyar da ke aiki da su tana da takardun tambayoyi da saƙonnin lafiya da na rigakafi da ake tsarawa da Faransanci ko Ingilishi, a isar da Hausa, amsoshin kuma a mayar da su inda suka fito. Jami'o'in waje masu bincike a kan noma da abinci da auren wuri suna ɗaukar hirarraki awa bisa awa, sai an samu mai zama ya rubuta su. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin nan masu magana suna neman wanda zai rubuta musu Hausa, ya saurari murya ya mayar da ita rubutu, ya duba abin da na'urar ta fitar ya ce nan ta yi daidai, nan ta yi shirme. Google Translate yana da Hausa tun 2013, kuma har yau ba za ka miƙa wa likita abin da ya fassara ba tare da mutum ya duba ba. A cikin gida kuma, kundin sake gina ƙasa da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ƴan'uwanmu Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari suna da abin cewa a kan wannan mataki, kuma haƙƙinsu ne a saurare su. Amma in har maganar ba ta tsaya a takarda ba, akwai dokoki da littattafan makaranta da sanarwoyin asibiti da za a rubuta da Hausa, kuma hannu ne zai rubuta su.

Ga irin aikin da nake nufi, wanda ni ma nakan karɓa lokacin hutu. An aiko mini da hira ta awa ɗaya da aka ɗauka a wani ƙauye na ƙasar Tibiri, da mata, a kan ajiyar wake a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka gwada tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Ka toshe kunnuwanka da abin sauraro. Iska na bugun makirfo, akuya na kuka, ana daka a maƙwabta, mata uku na magana lokaci ɗaya da Gobiranci tsantsa, jariri na neman nono. Sai ka mayar da minti ɗaya baya sau huɗu kafin ka raba muryoyin. Can wata ta ce ta samu tiya arba'in a gamanarta, ta sayar da rabi don biki, sauran kuma maigida ya ranta bai maido ba. Aka yi dariya, wata daga gefe ta ce ƙasa-ƙasa, ai duk haka muke. Na'ura ba za ta kama wannan ƙaramar muryar ba. Mai fassarar da bai san bambancin gamana da gandu ba zai rubuta cewa gidan ya samu wake tiya arba'in, rahoto ya fita yana cewa buhun ya wadata iyali, alhali abin da matan ke faɗa shi ne ƙwaro ya daina cin wakensu amma har yanzu ba su ke da iko da shi ba. Awa ɗayan nan tana cin awa biyar ko shida kafin ta zama rubutu, fassara kuma tana gaba. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, amma a nan ɗan Filifin da ɗan Indiya ba sa cikin layi, ɗan Kano ma sai ya tambaye ka.

Yanzu zan faɗi abin da ƙannena ba sa son ji. Jin Hausa daban, rubuta ta daban. Mu da muka bi ta lakwal da Faransanci muka koyi riƙe alƙalami, shi ya sa yaro mai digiri zai rubuta maka saƙo da tch a wurin c, da ou a wurin u, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, kalmomi a manne inda ya kamata a raba, a rabe inda ya kamata a haɗa. A zauren abokai wannan ya wadatar. Kamfani kuwa gwaji yake fara ba ka, mai dubawa ya ga layi uku ya ajiye takardarka. Hausa tana da ƙa'idar rubutu. An zauna a kanta a Bamako a 1966, Nijar ta tsayar da tata da doka a 1999, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram. Akwai ƴan bambance-bambance tsakaninmu da Najeriya, kamar ƴ da muke rubutawa su kuma su sa waƙafi a gaban y, kuma ƙwararre shi ne wanda zai tambayi mai aiki wacce yake so kafin ya fara. Maballan Gboard na Hausa suna da haruffa masu lanƙwasa, kyauta ne, minti biyu ya isa a sa su a waya. Ƙamus ɗin Hausa da Faransanci na Abdou Mijinguini yana nan. A karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a ga yadda ake gina jimla, a karanta Aminiya a ga Hausar jarida. Wanda ke son abin nunawa ya je Wikipedia ta Hausa ya rubuta tarihin garinsu da kyau, da hujja. Ba a biya, amma ranar da aka ce ina aikinka, yana da abin miƙawa. Faransancin ma sai an gyara shi, Ingilishi kuma a koye shi da gaske, don da shi ake ciniki a dandalin ko da aikin na Hausa ne. Wannan horon wata da watanni ne, babu mai sayar da shi a kwana uku.

In an ƙware kuma, kada a zubar da kaya. Mun san abin da ke samun manomin aya a Cadawa da Gazawa: ya sha wahalar tono da rairaya da shanya, bashi ya matsa masa ya sayar da kaka a farashin da ɗan kasuwa ya yanka, bayan wata huɗu buhun ya yi daraja a siton wani. Rubutun Hausar da ka sayar don koyar da na'ura haka yake, sau ɗaya za a biya ka, shi kuwa zai yi ta yi wa mai shi aiki shekara da shekaru. A watan Janairu 2023 mujallar Time ta fallasa cewa ma'aikatan Kenya da suka tace wa ChatGPT munanan rubuce-rubuce, ƙasa da dalar Amurka 2 ake biyansu a awa. Ban ce a ƙi aikin ba, ni ma ina ganin gara Hausar da ke cikin na'urorin nan ta fito daga hannun masu ita. Amma a yi ciniki da ido buɗe. A yanka farashi a kan kalma ko a kan mintin murya, kada a yarda da jimlar da ba a san iyakarta ba. A tambayi me za a yi da aikin. In a wajen dandali ne, a karɓi rabi kafin a fara. Kada ɗan Agiye ya karya farashin ɗan Gidan Rumji don ya samu tauraro, gobe shi ma za a karya nasa. Sannan akwai amana. Muryar matan nan na ƙasar Tibiri ba tawa ba ce. Yaron da zai ɗauki hirar kakarsa ko wa'azin limaminsu ya sayar wa kamfani ba da saninsu ba, ya ci amana ko nawa aka ba shi.

Akwai wani aikin da nake roƙon a guje shi ko da yunwa: rubuta wa ɗalibi kundin kammala karatu ya sa sunansa. A Nairobi wannan ya zama sana'ar dubban matasa masu yi wa ɗaliban Amurka da Ingila aikin makaranta, kuma na ga alamar abin yana tsiro a garuruwanmu. Wanda ka rubuta wa kundin aikin jinya yau, gobe shi zai yi wa ɗiyarka allura.

Bayan harshe, akwai sanin ƙasa. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi a lokacin, ya fara jan hankalin manoma su bar kututturen gona su tofo, abin da muke kira sassaben zamani. Yau ana maganar itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, shi kuma ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ƙauyen Ɗan Saga, nan cikin gundumar Agiye, ya shiga littattafan duniya saboda yadda mutanensa suka tsara gadin gawo da kalgo da sabara. Baƙi sun zo da motoci, sun ɗauki hoto, sun rubuta da Ingilishi da Faransanci, an biya su. Nawa ne daga cikin rubutun nan ya fito daga hannun ɗan Ɗan Saga, wanda ya san wa ke sare reshe da dare, ya san yadda ake sasantawa da makiyayi in ya ratso, ya san abin da mata ke samu daga itacen girki? Haka labarin aya, da jar akuyar Maraɗi, da kabar Gulbin Kaba, da sarautar Inna a Gobir. Mujallun noma da muhalli da gidajen rediyo irin Studio Kalangou na Yamai suna bukatar wanda ke zaune a wurin. Irin wannan aiki ba kasafai ake kafa tallansa a dandali ba. Kai ne za ka rubuta wa edita ka ce ga labari, ga dalilin da ya sa ni zan iya kawo shi. Masu aikin da suka fi daɗewa da mutum ma ta haka ake samunsu, wani ya gaya wa wani.

Abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne mata sun riga sun nuna hanya ba tare da sun jira Upwork ba. Marubutan littattafan Hausa na intanet, yawancinsu matan aure da ƴanmata, suna sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp da Wattpad, in labari ya kama mai karatu sai ya biya a sa shi a zauren masu biya. Da yawa daga marubutan Najeriya har lambar Nijar suke sakawa don masu biya da sefa, wato masu karatu suna nan cikinmu kuma suna cire kuɗi. Ana satar littattafan ana yaɗawa, wasu labaran kuma an yi su da gaggawa, duk na yarda. Amma ga kasuwa da harshenmu, da kuɗinmu, babu la'adar kashi 20, kuma mace tana yi daga ɗakinta a Gangara ko Saye Sabuwa. BBC ma tun 2016 take shirya gasar Hikayata don mata marubuta. Ƴanmatanmu masu birbe da bak da aka aurar suka ajiye bik, wannan ƙofa a buɗe take gare su.

Saurayi ɗaya ba zai iya sayen farantin hasken rana da batir da kwamfuta da Starlink ba, amma goma za su iya, kamar yadda manoma ke haɗa ƙungiya su samu taki. Ɗaki ɗaya a Agiye, ɗaya a Gazawa, ɗaya a Tibiri, da takardar ƙungiya daga hukuma, da asusun banki guda mai suna a sarari, da mutum ɗaya mai duba rubutun kowa kafin ya fita, ya isa a fara karɓar aikin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Ina kira ga magadan garuruwanmu su ba da ɗakin da wutar. Ina kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta buɗe gajeren horo na rubutun Hausa da fassara, mai takardar shaida da kamfani zai yarda da ita. Ƙungiyoyin da ke aiki a gundumominmu kuma su daina ɗora fassara a kan direba ko mai gadi a matsayin alfarma, su sa mata kuɗi a kasafi su ba masu sana'ar. Ku kuma ƙannena, jikka goman da za ku tura wa mai horon kwana uku, ku sayi ƙamus da kaye da ita, ku je a daidaita muku sunan da ke kan takardunku.